Lokacin da Kwamfuta Ta Koyi Lugude

Har yau kunnena bai manta da kukan fankar laftof ɗin da na fara aiki da ita ba. Tun kafin allo ya gama haske take fara huci, in aiki ya yi nauyi kuma sai ta koma kamar injin markaɗe da ake jiyowa daga wata unguwa. Ta yayana ce, 'yar Beljiyam, ya sayo ta a titin Beirut da ke Kano. Baƙa ce, mai kauri, in ka rataya jakarta ka yi 'yar tafiya sai kafaɗarka ta yi tsami. Kusa da maɓallanta akwai 'yar takarda a manne, an rubuta Pentium 4, kuma duk wanda ya tambaye mu ƙarfinta lamba ɗaya muke ba shi: gigahaz 2.8. Da mun faɗa sai mutum ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Wajen 2005 ke nan, lokacin da lambar nan ita ce ma'aunin kowace kwamfuta a wurinmu, kamar yadda ake tambayar shanun mutum nawa ba tare da an duba ko suna da nono ba.

Da ita muke buga wa ɗalibai furojet, mu zana katin biki da kalandar ɗaurin aure a CorelDraw, mu zuba wa mutane karatu da wa'azi a faifan CD. Bulo biyu muke ɗora ta a kai don iska ta ratsa ƙarƙashinta, domin a watan Afrilu, in zafin Kano ya haura digiri 40, takan kashe kanta ana tsakar aiki. Batirinta kuwa in an ɗauke wuta bai fi ya ba ka damar adana abin da ka rubuta ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jira. Ɗalibi zai zo da filashi, kuma a wancan zamanin filashin da ya zaga shaguna uku da wuya ya zo babu bairos. Dole ka saki manhajar kashe bairos ta bincike shi. Daga wannan lokacin kwamfutar ta fita daga hannunka. Ka danna harafi, sai ya ɗauki numfashi biyu kafin ya fito. Kibiyar linzami ta rikiɗe ta koma 'yar kwalbar yashin nan ta Windows XP, tana tsaye tana kallonka. In kuwa CD ake zubawa, doka ce a shagonmu: kada wanda ya taɓa komai. Yayana har hannu yake ɗagawa ya ce, "Kai, bar ta ta gama!" Ya san in aka buɗe wani abu furosesar ta juya wajensa, zubin zai iya yankewa, faifan ya tashi a banza, kuɗinsa ya bi ruwa. Mukan zauna mu uku mu zuba wa allo ido, ga aiki jibge, ga na'ura mai bugu sau biliyan 2.8 a daƙiƙa guda, amma ba dama.

Sai daga baya na fahimci dalili. Furosesa mai ƙwaƙwalwa ɗaya abu ɗaya take iya yi a lokaci ɗaya. Abin da muke gani kamar tana yin ayyuka biyar a tare, rarraba lokaci ne kawai: ta ba wannan ɗan taƙi, ta ba wancan, ta dawo, cikin saurin da ido ba ya kamawa. Mai shayi ne shi kaɗai a teburinsa. Yana zuba ruwan zafi, yana yanka burodi, yana juya ƙwai, yana ba da canji, kowa na ganin ana kula da shi. Ranar da wani ya zo da odar da ta cinye hannayensa biyu, sai mai son kofi ɗaya na shayi ya tsaya har sai an sallami wancan. Gigahaz na gaya maka saurin hannun mai shayin ne. Ba ya gaya maka mutum nawa ne a bayan teburin, ba ya kuma gaya maka ko hannun na ɗebo da yawa a kowane miƙawa.

Kamfanonin da ke ƙera furosesa sun shafe shekaru suna tsere a kan wannan lamba, kuma tseren ya biya su. A watan Maris na 2000 AMD ya riga Intel kaiwa gigahaz 1 da furosesarsa Athlon. A Nuwambar shekarar Intel ya fito da Pentium 4 a kan gigahaz 1.5, an kuma gina ta ne musamman don agogonta, wato gigahaz ɗinta, ya yi ta hawa. Har ana maganar za ta kai gigahaz 10. A ƙarshen 2002 ta wuce 3. A ƙarshen 2004 ta kai 3.8, daga nan ta tsaya cak. A watan Oktoba na wannan shekarar Intel ya sanar da cewa ya fasa fitar da mai gigahaz 4, bayan tun a watan Mayu ya soke wadda ya yi niyyar ta gaje ta, mai suna Tejas. Zafi ne ya tare hanya. Samfurin Pentium 4 mai suna Prescott na kwamfutar tebur yakan fitar da zafin da ya kai wat 115 daga ɗan gutsuren silikon da bai wuce farcen babban yatsa ba. Wanda ya taɓa kama ƙwan lantarki na wat 100 bayan ya jima a kunne ya san abin da ake nufi.

Akwai ƙa'idar da masana suka dogara da ita tun 1974, wadda Robert Dennard da abokan aikinsa a IBM suka bayyana: duk lokacin da aka ƙanƙanta tiransista, ana iya rage ƙarfin wutar da ake ba ta, don haka a ƙara mata sauri ba tare da zafin ya ƙaru ba. Shekara kusan 30 abin na tafiya haka. Da tiransistocin suka yi ƙanƙanta ƙwarai, sai wuta ta fara yoyo ta jikinsu ko ba sa aiki, kuma ba a iya ci gaba da rage ƙarfin wutar kamar da. Hasashen Gordon Moore na 1965 bai mutu ba, yawan tiransista ya ci gaba da ninkawa. Abin da ya ƙare shi ne damar mayar da wannan yawan ya zama gudu a sauƙaƙe.

Ga lissafin da ya sa aka juya akala, kuma yana da daɗin bi. Wutar da furosesa ke sha tana tafiya da saurin agogo, tana kuma tafiya da ƙarfin wutar da aka ba ta in an buga shi da kansa. In ka sassauta agogon da kashi 20 cikin 100, ka sassauta ƙarfin wutar daidai da haka, abin da za ta sha zai sauko kusan rabi. Ke nan da wutar da ƙwaƙwalwa ɗaya ke ci tana gudu iya ƙarfinta, za ka iya ciyar da guda biyu masu tafiya a kan kashi 80. In aikin ya yarda a raba shi, biyun nan za su yi abin da ya fi na ɗayar da fiye da rabi. Ga kwamfutar tebur wannan sauƙi ne. Ga laftof, wadda ke rayuwa a kan batir da 'yar fanka ɗaya a cikin matsattsen gida, wannan ita ce hanyar da ta rage.

Tun kafin a kai ga haka, wata ƙaramar furosesa ta riga ta fara kunyata gigahaz. Injiniyoyin Intel da ke Haifa ne suka tsara ta, suka koma kan tsohon tsarin Pentium III suka gyara shi don laftof, aka fito da ita a watan Maris na 2003 da sunan Pentium M, a ƙarƙashin tambarin Centrino. Agogonta ƙasa yake, amma a kowane bugu tana kwasar aiki fiye da Pentium 4. Mai gigahaz 1.6 takan yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium 4 mai 2.4 a ayyuka da yawa, ga sanyi, ga batir mai kai wa sa'o'i. Na tuna ranar da muka kai tamu gyara saboda yawan mutuwa. Mai gyaran, dattijo ne mai haƙuri wanda ya fara da rediyo kafin ya koma kwamfuta, ya buɗe ta ya zaro wani dunƙulen ƙura daga bakin fankar kamar audugar katifa. Sannan ya nuna mana wata siririya a kan kanta ya ce wa yayana, "Alhaji, da za ka ji shawarata, ka sayar da wannan ka ɗauki waccan." Yayana ya duba takardar jikinta ya ce, "Haba Malam, in bar 2.8 in koma 1.6? Ai ci baya ne." Malam ya yi murmushi ya ce, "To, Allah Ya sa alheri," ya ci gaba da hure ƙura. Gaskiya na wajensa, amma ba mu da ma'aunin da za mu gane ta da shi a lokacin. Kamfanonin da kansu sun ga wannan matsala: AMD tun 2001 ya koma sa wa Athlon XP lamba irin 1800+ alhali agogonta 1.53 ne, Intel ma a 2004 ya daina sa gigahaz a gaban suna ya koma lambar samfuri.

Ƙwaƙwalwa biyu a gutsure ɗaya ba a laftof ta fara ba. IBM ya yi ta a 2001 da POWER4, don manyan injinan ma'aikatu. A 2005 ta sauko kan tebur, Intel da Pentium D, AMD da Athlon 64 X2. Pentium D kusan a ce Pentium 4 biyu aka jera gefe da gefe, zafinta ya fi ƙarfin cinya. Wadda ta dace da laftof ta zo ne a watan Janairu na 2006, Core Duo, 'yar gidan Pentium M. A watan nan ne Steve Jobs ya nuna MacBook Pro ta farko, kuma wannan furosesar ce a cikinta, bayan Apple ya bar PowerPC. AMD ya biyo baya da Turion 64 X2 a watan Mayu, sannan a tsakiyar shekarar Core 2 Duo ta fito, wadda sunanta ya zauna a bakin 'yan kasuwarmu shekara da shekaru.

In ka jera lambobin biyu za ka ga abin mamakin. Pentium M mafi ƙarfi tana gudu a kan gigahaz 2.26, zafinta wat 27. Core Duo T2400 tana kan 1.83, ƙwaƙwalwa biyu, zafinta wat 31. Ƙarin wat huɗu kacal aka biya aka samu ma'aikaci na biyu. Abin da ya sawwaƙa haka shi ne an sauko da girman ƙira daga nanomita 90 zuwa 65, kuma ƙwaƙwalen biyu suna tarayya a 'yar ma'ajiyar kusa guda ɗaya mai megabait 2, inda furosesa ke ajiye abin da take yawan buƙata don kada ta riƙa zuwa nesa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san wannan tsari. Turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan na sauka wancan na tashi. Lugude na sa hatsi ya daku da wuri, amma sai masu dakan sun san juna, in ba haka ba taɓare su yi karo.

Mu ba mu ga wannan a 2006 ba. Kayanmu sai ofisoshin Turai da Amurka sun gama moriyarsu suke isowa, ta Legas, ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sannan su hau mota zuwa Arewa. Wajen 2009 na sayi tawa ta farko mai ƙwaƙwalwa biyu. Abin da na fara yi da na isa gida shi ne danna Ctrl da Alt da Delete, na buɗe Task Manager. Inda na saba ganin akwati ɗaya mai koren zane, sai ga akwati biyu, kowanne da nasa layin yana hawa yana sauka. Na jima ina kallonsu.

A lokacin akwai wata Pentium M a gidan, ta ƙanwata, don haka na jera su a kan tabarma na yi ta gwaji na kusan mako guda, kuma abin da na gani ya rage mini zumuɗi kafin ya ƙara mini fahimta. Wajen tashi daga kashe, tazararsu ba ta taka kara ta karya ba, domin dukansu faifan ajiya mai juyawa suke jira, shi kuwa ba ruwansa da yawan ƙwaƙwalwa. Buɗe Word, rubutu, lissafi a Excel, duk kusan ɗaya. Wani tsohon wasan ƙwallo da muke bugawa ma bai nuna ya san an canja masa gida ba. Akwati ɗaya ya cika har baki, ɗayan na kwance yana hutawa. Na fara tunanin ko kuɗina ya tafi a banza.

Sai na saka filashi na saki binciken bairos, na koma kan rubutuna. Haruffa suka ci gaba da fitowa a lokacin da na danna su. Na buɗe waƙa, ta yi ta tafiya ba ta sarƙe ba. Na sa CD a zubi, na ci gaba da aiki, zuciyata na ɗar-ɗar saboda tsohuwar doka, faifan ya fito lafiya. Ba zan ce ba ta taɓa jan ƙafa ba, domin in ayyuka biyu suka rutsa faifan ajiya a tare dole ɗaya ya jira. Amma ƙamewar nan da ke sa mutum ya naɗe hannu ta tafi. A ganina wannan ne babban abin da ƙwaƙwalwa ta biyu ta kawo wa mai aikin yau da kullum, kuma shi ne abin da ma'aunan gwaji na mujallu suka fi kasa kamawa, domin su aiki ɗaya suke ba na'ura su ƙirga daƙiƙoƙi. Mutum kuwa ba haka yake aiki ba. Yana rubutu, wani abu na saukowa daga intanet, wata manhaja na sabunta kanta a ɓoye ba ta nemi izininsa ba. Samun wanda zai ɗauke wannan hayaniyar ta bayan fage ya bar maka ɗaya ta saurare ka, shi ya canja yadda zama gaban kwamfuta yake.

Inda bambancin ya fito a fili har da lamba shi ne aikin bidiyo. Ina da aboki da ke tace finafinai da bidiyon biki a ɗaya daga ƙananan situdiyoyin Kano, a shekarun da kasuwar faifai ke ci. Bayan an gama yanka da jerawa, sai a bar na'ura ta haɗa fim ɗin ta fitar da shi, abin da suke kira rendarin. Da daddare yake sa shi ya kwanta a gefe a kan benci, yana roƙon Allah kada a ɗauke wuta, kada kuma man janareta ya ƙare, domin in ya yanke a kusa da ƙarshe sai a koma farko. Irin wannan aiki yana rabuwa cikin sauƙi: hoto ne bayan hoto, ana iya ba wannan ƙwaƙwalwa wani yanki a ba waccan wani. Da ya koma mai ƙwaƙwalwa biyu, lokacin ya ragu sosai, ya kusa rabi a wasu ayyukan. Gare shi wannan ba maganar jin daɗi ba ce kawai. Litar fetur ce da bai saya ba, kuma amarya ce da ta karɓi faifanta ranar da aka yi mata alkawari.

Me ya sa wani aikin ke ninkawa wani kuma ko gezau? Amsar ta girmi laftof. Gene Amdahl ya bayyana ta tun 1967: saurin da za ka samu daga ƙarin ma'aikata yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ɓangaren aikin da ba ya rabuwa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne, ɗaga jinka aikin taro ne, kowa ya kama gefensa. Haƙar rijiya kuwa daban take. Ramin mutum ɗaya yake ɗauka, kuma ba a haƙa gaba na goma sai an gama na tara. Ko ka tara ƙarti ashirin a bakin rijiya, za su taimaka da jan guga da zubar da ƙasa, amma mai dundurusu a ƙasa shi kaɗai ne. Ɗauki aikin sa'a guda wanda rabinsa ne kawai ke rabuwa. Ƙwaƙwalwa biyu za su gama shi a minti 45. Ko ka ba shi ƙwaƙwalwa dubu ba zai sauko ƙasa da minti 30 ba. In kuwa kashi 90 cikin 100 na rabuwa, biyun za su gama a minti 33. Don haka tambayar "wacce ta fi sauri" ba ta da amsa sai an ce a wane aiki.

Nauyin wannan sauyi a kan masu rubuta manhaja ya faɗa. Shekara da shekaru sun saba in manhajarsu na da nauyi, su jira furosesar baɗi ta ɗauke musu. A 2005 wani masani mai suna Herb Sutter ya rubuta maƙalar da ta yi suna a tsakaninsu, yana gargaɗin cewa wannan garaɓasar ta ƙare, duk mai son sauri daga yanzu sai ya koyi raba aikinsa gida-gida. Abu ne mai wuya, domin ɓangarori biyu na manhaja ɗaya in suka kai hannu kan bayani ɗaya a lokaci guda, kuskuren da ke fitowa yakan ɓuya, ya bayyana yau ya ƙi bayyana gobe. Shi ya sa aka ɗauki shekaru kafin manhajoji su cim ma na'urorin. Chrome, da ya fito a Satumbar 2008, ya zo da tsarin ware shafuka kowanne da nasa aikin daban, abin da ya dace da sabon zamanin. Wanda ya sayi Core Duo a 2006 ya fi jin amfaninta a 2010 fiye da ranar da ya kwance ta daga kwali, abin da ba kasafai ake samu a kayan lantarki ba.

A kasuwa kuwa, da tsohon ma'auni ya faɗi, sai ruɗani ya maye gurbinsa, kuma wannan ɓangaren yana ɓata mini rai har yanzu. Akwai Core Duo, akwai Core 2 Duo, akwai Pentium Dual-Core mai ƙaramar ma'ajiya da rahusa, duka ana kiransu da suna ɗaya a baki. Mafi muni shi ne dabarar da Intel ya fito da ita tun 2002, Hyper-Threading, wadda ke sa ƙwaƙwalwa ɗaya ta bayyana wa Windows kamar biyu. Tana da ɗan amfaninta, tana cike giɓin lokacin da ƙwaƙwalwar ke zaman jira, amma ba ta kai ƙwaƙwalwa ta biyu ba ko kusa. Ƙananan laftof ɗin nan da suka cika gari daga 2008, masu furosesar Atom N270, ƙwaƙwalwa ɗaya gare su, amma in ka buɗe Task Manager akwati biyu za ka gani. Na taɓa tsayawa a wani shago ina ji mai kaya na nuna wa wata malamar makaranta akwatunan nan yana cewa, "Hajiya, kin gani da idonki, biyu ce." Wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Na sa baki a hankali na bayyana mata, ta gode, amma na san a ranar an sayar wa wasu da yawa a wasu shagunan.

Abin bai tsaya nan ba. Da aka shiga zamanin Core i3 da i5 da i7, sai lambar bakwai ta zama sabon gigahaz. Mutum zai dage sai i7, alhali yawancin i7 na siraran laftof har zuwa zubi na bakwai ƙwaƙwalwa biyu gare su, irin su 7500U, yayin da i5 ta zubi na takwas da ta fito a 2017, irin 8250U, huɗu gare ta, kuma ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Wanda bai san zubi ba sai ya biya kuɗi mai yawa ya ɗauki wadda ta fi rauni. Ina ganin hakkin duk wanda ya san wannan ne ya faɗa wa na kusa da shi kafin ya shiga kasuwa, domin ga ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci kuɗin laftof tarin watanni ne.

Yau muhawarar ɗaya da biyu ta zama tarihi. Wayar Tecno ko Infinix da ke aljihun ɗan acaɓa ƙwaƙwalwa takwas gare ta, alhali wayoyi masu biyu ma ba su fara fitowa ba sai 2011. An ma wuce ƙirga su kawai, an koma raba musu hali: M1 da Apple ya fitar a Nuwambar 2020 tana da huɗu masu ƙarfi da huɗu masu tsimin wuta, ƙananan na riƙe da ayyukan bayan fage, manyan na jiran aiki mai nauyi. Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, ta rubuta a sharuɗɗanta cewa sai furosesa mai ƙwaƙwalwa biyu ko fiye. Abin da na zauna a kan tabarma ina mamakinsa ya zama mafi ƙarancin abin da ake karɓa a bakin ƙofa.

Laftof ɗin yayana ta daɗe da mutuwa. Zafi ne ya ci allon cikinta a wata bazara, Malam mai gyara ya ce ba ta tasuwa. Amma akwai wata Core 2 Duo da na saya daga baya wadda har yanzu tana gidanmu. Shekarun baya na cire mata faifan ajiya mai juyawa na sa mata SSD, na ƙara mata ram, sai ta tashi kamar an yi mata wankan jego, abin da ya nuna mini cewa rabin jiran da muke ɗora wa furosesa tun farko na faifan ne. 'Yar yayana ce ke amfani da ita yanzu, tana gwajin tambayoyin JAMB, tun da jarrabawar ta koma kan kwamfuta. Duk ƙarshen hunturu nakan kwance bayanta in hure ƙurar da ta taru a fankar, kamar yadda na ga Malam yana yi. Ran nan ina cikin haka ta zo ta tsaya a kaina, na mayar da murfin na kunna, na buɗe mata Task Manager na nuna mata layukan biyu. Ta duba ta ce, "Baffa, biyu kawai?" Na ce mata biyu ne, ta karɓa ta koma ɗaki da ita, tana karatu, karatun Alƙur'ani na tashi a hankali daga lasifikar.